Sarki Biyu a Ƙarƙashin Tafin Hannuna

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, akwai wata la'asar guda a saman wani bene a Alƙahira da ba za ta taɓa gogewa daga raina ba. Na ga abubuwan tsoro a zamana na Masar, har harbi an yi ina tsaye a bakin titi, amma ban taɓa jin tsoron da ya kai na ranar nan ba. Abin dariyar kuma shi ne, babu bindiga a wurin, babu wuƙa. Tebur ne na roba, da karta, da busasshen wake.

A lokacin aikin tafinta nake yi. Marasa lafiyar da suke zuwa daga gida neman magani a asibitocin unguwar Dokki ni nake tarbo su, in kai su wurin likita, in juya musu Larabci zuwa Hausa. Ina zaune da matata a Ard al-Liwa, tsallaken layin dogo, a wani ɗan gida mai ɗaki da falo a hawa na uku. Shekarar juyin juya hali ce, wadda aka wayi gari 'yan sanda sun janye daga tituna. Marasa lafiya suka ɗauke ƙafa, aiki ya yi ƙasa, unguwa kuma ta koma kowane layi da mai shi. Mu baƙi, musamman baƙaƙen fata, lafiyarka ta dogara ne ga wanda kake zaune a ƙarƙashin inuwarsa.

Tamu inuwar ita ce mai benen, wanda kowa yake kira Mu'allim. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ya koyar da kowa komai. Haka suke kiran mutumin da ya mallaki sana'a yake da yara a ƙarƙashinsa, shi kuwa rabin tuk-tuk ɗin da suke yawo a layinmu, wato kekunan haya masu ƙafa uku, nasa ne. Ƙato ne, mai wuya kamar na bijimi, ga murya ƙasa-ƙasa da ba ya ɗagawa sai in zai yi dariya. Saboda shi babu ɓarawon da ya taɓa leƙa ƙofarmu duk tsawon rikicin, wannan kam sai dai in gode masa. Amma da idona na ga ranar da ya zargi wani mai gyaran waya da yake haya a hawa na biyu da raina masa hankali. Katifar mutumin da tukwanensa ta baranda suka sauko, shi kansa kuma ya fita yana rungume da hannunsa na dama, yatsun sun kalli inda bai kamata ba. Tun daga ranar in na hango Mu'allim a bakin ƙofa, tun daga nesa nake fara gaisuwa.

Cikin matata ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmina take sakawa, sai matar Mu'allim ta shigo ta gaya mata cewa ɗan 'yar'uwarsa zai yi aure, kuma gidanmu ake so a ba shi. Mu nemi wuri kafin ƙarshen wata. Na zaga Ard al-Liwa, na je har unguwar Arba wa Nus wurin 'yan'uwa, babu. Dillalai da sun ji harshena sai su ce ma'alish, wato in yi haƙuri, a wannan yanayin ba sa ba baƙo. Na dawo na zauna na yi tagumi. Matata ta dube ni ta ce, “Malam, zaman nan ba zai haifar mana da ɗaki ba. Ka hau ka same shi, ka roƙe shi ya bar mu in sauka lafiya. Mutum ne fa, ba aljani ba.” Na ce mata ita da ba ta ga yatsun mai gyaran waya ba dole ta faɗi haka. Duk da haka da na idar da sallar la'asar na sa rigata mai kyau na kama matakala.

A can saman benen yake hutawa kullum da yamma, kusa da dogon akurkin katako na tantabarunsa. Na same su su uku a kewaye da tebur: shi, da mai kantin maganin layinmu, wani siririn dattijo mai tabarau, da kuma shugaban direbobinsa, wanda ba ya rabuwa da sigari a bayan kunne. Kujera ta huɗu babu kowa. Foka suke bugawa, amma maimakon kuɗi kowa da tulin busasshen waken ful a gabansa. Duk unguwa an san dalili. Mahaifiyarsa ce kafin ta rasu ta sa ya rantse ba zai ƙara caca da kuɗi ba, ya kuwa riƙe rantsuwar. Sai dai wanda ya ɗauka don wake ne wasan ya zama na wasa, bai san Mu'allim ba. Sunansa yake ajiyewa a teburin nan, kuma ana yi masa kirarin cewa tun da ake ba a taɓa tashi ya rasa ƙwaya ɗaya ba.

Na yi sallama, na gaishe su, na fara jero maganar da na haddace tun daga matakala. Ko kallona bai yi ba. Ya nuna kujerar da haɓarsa ya ce, “Ka iya wannan, ya Nijiri?”

Da na san abin da ke gaba da na ce ban taɓa ganin karta ba a rayuwata. Amma na ɗan koya a kwamfutar gidan intanet, lokutan da nake zaman jiran marasa lafiya su fito daga tiyata, kuma a raina na ce wataƙila wannan ce ƙofar da zan shiga zuciyarsa. Na ce na ɗan iya kaɗan.

“Yalla, zauna. Wanzami, na huɗunmu, ya tafi jana'iza, wasan mutum uku ba daɗi. In mun gama sai ka faɗi abin da ya kawo ka.”

Ga wanda bai san wasan ba, ba wani abu ne mai wuya ba. Ana ba kowa karta biyu ya ɓoye, sannan a riƙa shimfiɗa guda biyar a tsakiya waɗanda na kowa ne. Kana ganin naka za su haɗu da na tsakiya su yi ƙarfi, sai ka tura wake. Wanda ya ga ba zai iya bi ba sai ya ture kartarsa gaba, ya fita, ya zubar ke nan. In mutum ya tura kowa ya gudu, ya ci ke nan ko da babu komai a hannunsa, wannan ne ma daɗin wasan a wurin masu shi. In kuwa wani ya tsaya ya bi, sai a buɗe a ga na wa ya fi.

Ni dai tun da na zauna na yanke wa kaina hukunci: ban zo cin wake ba, ɗaki na zo nema. Duk zagayen da Mu'allim ya tura da ƙarfi, sai in yi fuskar tausayi in ture kartata. Yana ci yana dariya, yana dukan tebur har wake yana tsalle, ni kuma ina taya shi da murmushi, ina jin kamar na kusa kai wa ga biyan buƙata.

Abubuwa biyu na taho da su daga gida waɗanda ban san suna jikina ba. Na farko, mu da muka tashi da buga wot a dakalin ƙofar gida, a cikin abokai masu dogon wuya, mun saba ɓoye karta iya ɓoyewa. Wani a ƙarƙashin cinya yake sakawa, wani a cikin hula. Ni sabona shi ne in kifa su in ɗora tafin hannu a kai, ko gefensu ba a gani. A foka kuwa wannan babban laifi ne, dole kartarka ta kasance a fili a kife, don kowa ya san kana ciki. Kwamfuta ba ta koya mini wannan ba, don a can ba ka da hannun da za ka rufe komai. Na biyu kuma, an hore mu cewa in babba yana magana ka sunkuyar da kai ka yi shiru, kada ka katse shi, kada ka gyara masa a gaban mutane.

Rana ta fara yin ja aka raba wani zagaye. Na ɗaga gefen kartata na leƙa, sai ga sarki biyu. Na mayar na danne da hannu. Aka shimfiɗa na tsakiya, sai ga wani sarkin ya fito, na uku ke nan. Ko ni da ban ƙware ba na san wannan hannu ne da ba a cika samu ba. Ana ta tura wake kaɗan-kaɗan ina bi a hankali ba tare da na ce uffan ba, har ta biyar ta sauka. Nan Mu'allim ya sa hannu biyu ya turo duk tulin da ke gabansa tsakiya, ya jingina da kujera ya ce, “Namiji ya biyo ni.”

Mai kantin magani ya gyara tabarau ya ture kartarsa, ya fita. Direba ya yi tsaki na ƙarya, shi ma ya ture. Saura ni. Kaina yana sunkuye, hannuna a kan karta, ina ta saƙawa da kwancewa. In na bi, na cinye shi a gaban yaransa, ɗaki ya tafi. In na zubar, wannan hannu mai kyau ya tafi a banza, amma dai matata ta samu inda za ta haihu. Wallahi na gama yanke shawarar zubarwa, numfashi kawai nake ja kafin in ɗaga hannu.

Shi kuwa ya dubi tebur bai ga karta a gaban kowa ba, ga Banijeriye ya sunkuyar da kai kamar yadda ya yi ta yi tun ɗazu. Sai kawai ya fashe da dariya, ya ɗaga kartarsa sama ya maka su a buɗe a kan tebur. Bakwai da uku. Ba su haɗu da komai ba, ko launinsu ba ɗaya ba ne.

“Ku duba abin da kuka guje wa!” in ji shi. “Iska! Babu komai! Da ido kawai nake korar ku, matsorata!”

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kai, tun yana ɗaga hannu ya kamata in ce tsaya, ina ciki. Amma babba yana magana, yana cikin nishaɗi, sai na ƙara sunkuyar da kai na yi tsit, ina addu'ar ya kwashe wakensa in lallaɓa in cusa kartata cikin sauran ba wanda ya lura. Ya miƙa hannu zai kwashe ke nan direban nan, Allah ya shirye shi, ya ce a hankali, “Ya Mu'allim, ɗan Nijeriya fa bai zubar ba.”

Dariyar ta yanke. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har kukan tantabaru ya zama kamar a cikin kunnena suke yi. Mu'allim ya dubi hannuna, ya dubi fuskata. Gumi ya karyo mini, rigar da na sa don neman alfarma ta manne a bayana.

“Ɗaga hannunka,” ya ce.

Na ɗaga. Ga su nan a kife.

“Wato ka ɓoye su ne don in buɗe nawa ka gani.”

“A'a wallahi, ya Mu'allim. Haka muke riƙewa a garinmu, sabo ne.”

“Ka ga nawa?”

“Na gani.”

“Ka gani ka yi shiru, ka bar ni ina ta haushi kamar kare a gaban mutanena.”

Ya kamo wuyan hannuna na dama ya danne a kan tebur. Bai matse ba, ya dai ajiye nasa a kai, amma na ji nauyin har kafaɗa. Babu abin da nake gani a idona sai yatsun mai gyaran waya. Mai kantin magani ya yi ƙarfin hali ya ce ai ƙa'ida a fili take, wanda ya buɗe da wuri shi ya jawo, wasa yana nan da ransa, amma wanda ya ɓoye karta shi ma yana da laifi, don haka a mayar wa kowa wakensa a sake rabawa, khalas, magana ta ƙare. Mu'allim ya ce masa ya rufe baki, ba ƙa'ida yake tambaya ba.

Ya juyo gare ni ya ce, “Abu ɗaya zan tambaye ka, in ka yi mini ƙarya zan gane. Kafin in buɗe, me ka yi niyyar yi?”

Na ce zubarwa na yi niyya. Gaskiya ce, kuma a wautata na ɗauka ita ce amsar da za ta cece ni. Sai ya sa ɗaya hannun ya juya kartata. Sarki biyu suka bayyana, ga na uku a tsakiya yana kallonmu. Direba ya ja numfashi.

Mu'allim ya daɗe yana kallonsu. Da ya yi magana muryarsa ta ƙara yin ƙasa. “Da wannan za ka zubar? Ko jaki aka ba wannan ba zai zubar ba. Wato tun ɗazu sadaka kake ba ni.”

Nan dabara ta ƙare mini, Larabcin da nake cin abinci da shi ma ya nemi ya gudu. Na ce, “Tsoronka nake ji, ya Mu'allim. Matata ta kusa haihuwa, ba mu da inda za mu je. Roƙonka na zo yi ka bar mu a ɗakin. Ta yaya zan cinye ka sannan in roƙe ka?” Ina faɗa hawaye suka zubo mini, ni da gemuna, a gaban Misirawa uku.

Na rufe ido ina jiran ƙarar ƙashi. Maimakon haka sai na ji ya saki hannuna. Da na buɗe ido na ga ya miƙa hannu ga kartar da mai kantin magani ya ture, ya juya ta. Goma biyu ne, sun fi nasa nesa ba kusa ba. Ya juya ta direba, shi ma akwai wadda ta haɗu da ta tsakiya. Duk teburin nan babu wanda bai fi shi ba, kuma su biyun sun zubar, ni ma saura ƙiris.

“Tun yaushe?” ya tambaye su.

Dattijon ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, direba ya ƙura wa ƙasa ido. Mu'allim ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi shekaru yana zama da su kowace yamma, na ga fuskarsa ta canza zuwa wani abu da ban taɓa gani a tare da shi ba. Ba fushi ba ne. Da fushi ne ma da na fi ganewa. Wannan ne lokacin da tsorona ya kai ƙarshe, don mutumin da aka tsiraita haka a gaban baƙo ba ka san me zai yi wa baƙon ba.

Ya tashi ya juya mana baya, ya nufi wurin tantabarunsa. Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, “Ku sauka. Dukkanku.”

Ban san yadda na kai hawa na uku ba. Matata tana ganina ta ce, “Innalillahi, me ya yi maka?” Na ce bai yi komai ba tukuna. Na sa sakata, na jawo kujera na tokare ƙofar, na ce ta haɗa abin da za ta iya ɗauka a jaka guda. Duk takun da na ji a matakala sai in tashi in leƙa ta kafar ƙofa. Ita da na je nema wa mafaka ita ta koma tana ba ni haƙuri, tana cewa in ci abinci.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na leƙa ta kafar ƙofa, shi ne da kansa, shi kaɗai. Na janye kujerar, na buɗe. Bai shigo ba, bai kuma amsa gaisuwata ba. Bangon da ke bayana yake kallo ya ce, “Ku zauna har ta haihu, har ta yi arba'in. Babu wanda zai taɓa ku. Bayan nan ka tashi, kada in ƙara ganinka a layin nan.” Ya juya zai tafi, sai ya tsaya a kan matakala ya ƙara da cewa, “Kalma ɗaya ce fa, ya Nijiri. Da ka ce tsaya, da ban buɗe ba.”

A ɗakin nan aka kawo 'yata daga asibiti, a nan aka yi suna, matar Mu'allim ma ta aiko da abinci. Ya cika alkawarinsa har ranar ƙarshe, ni ma na cika nawa, muka koma can wata unguwa mai nisa. Amma duk tsawon kwanakin da muka ƙara a benen, ban sake jin dariyar nan tana saukowa daga sama da yamma ba. Wasan ya mutu. In mun haɗu a ƙofa shi yake fara kawar da kai, mutumin da dā ni nake gaishe shi tun daga nesa.

Na samu abin da na je nema, amma har yau in na tuna sai in ji babu daɗi. Ni a ganina ladabi nake yi da na sunkuyar da kai na bar shi yana magana, ashe barinsa na yi ya tuɓe a gaban jama'a ina kallo. Abin da la'asar ɗin nan ta koya mini ke nan, kuma ya wuce teburin karta. In ka ga mutum zai buɗe abin da bai kamata ka gani ba, komai girmansa, komai tsoronsa da kake ji, ka dakatar da shi tun hannunsa yana sama. In kuma ka riga ka gani, ka faɗa nan take cewa ka gani. Yanzu ko a taron dangi na ga dattijo ya kama hanyar ba da kansa, ba na sunkuyar da kai. Katse shi nake yi, ya ji haushina na ɗan lokaci, ya tashi da mutuncinsa.